Na Shafa Masa Danƙo Don Ya Faɗi, Sai Ya Zo Na Ɗaya

Gwaggo Ragnhild, don Allah ki cece ni, na jefa kaina cikin rami da hannuna.

Ina shekara ta uku a jami'a nan Tromsø, ina cikin ƙungiyar tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. Gaskiya ba son tseren ne ya kai ni ba, wata yarinya ce mai suna Sunniva. Amma na ci riba. Da can barci nake a aji, yanzu kilomita goma sha biyar nake yi kafin lacca, na daina taba, sakamakona ya gyaru har mahaifiyata ta yi zaton na wani aka aiko mata.

A gudu ni ba kowa ba ne, sai dai a shafa wa katakon zamiya kaki, don ya kama dusar a hawa ya kuma zame a gangara, babu kamata. Shekara biyu ni ke shafa wa Sunniva nata. Ban taɓa ce mata ina sonta ba. Na ɗauka duk wadda aka goge wa katako sau ɗari ai ta gane.

Ranar Asabar, kafin tsere, ta kawo mini katakon wani sabon ɗan ƙungiya, Halvard, dogo, ɗalibin likitanci, wai in taimaka masa. Ta kira sunansa sau uku tana murmushi. Gwaggo, kishi ya rufe mini ido. Sanyi ya kai takwas ƙasa da sifili, dusar busasshiya, amma na lafta masa danƙon da ake shafawa ranar da ta jiƙe, don ta manne masa ya riƙa tafiya kamar agwagwa. Na Sunniva kuwa na yi mata na sanyi, tsaf.

Ana saura kaɗan a tashi, iska mai ɗumi ta taso daga teku, aka soma yayyafi. Kowa ya riƙa sulɓewa baya a kan tudu. Halvard kaɗai ya haye abinsa, ya zo na ɗaya. Sunniva ta zo ta tara.

Yanzu Halvard ya kawo mini waina da cuku har ɗaki, koci ya ce ni gwanin karanta sama ne, ya damƙa mini katakan ƙungiya duka na gasar ɗalibai ta ƙasa. Sunniva kuma ta daina yi mini magana, wai na san za a yi ruwa na fifita baƙo a kanta. In na yi shiru na rasa ta, in na faɗi gaskiya ta san ni mugu ne. Yaya zan yi?

Mai Danƙo a Hannu, Tromsø

Ɗana Mai Danƙo,

Na yi dariya har gahawa ta sarƙe ni, amma abin da ka yi ba kyau. Da sanyin ya tsaya, da ka ɓata wa yaron da bai yi maka komai ba wahalar wata shida. Ka je ka ba shi haƙuri, tunda wainarsa ma ka cinye.

Koci kuma ka gaya masa yau cewa ba ka san gobe ba. Kada 'yan ƙungiya duka su tafi gasa suna dogaro da sa'ar mai kishi.

Sunniva tana da gaskiyarta. Ta amince da hannunka shekara biyu, ta ga kamar ka yashe ta. Kai ma ina tausayinka, samarinmu na nan arewa sun gwammace su hau dutse da su furta kalma uku. Amma kaki ba ya magana, ɗana. Ko Halvard ɗin ma ba ka san matsayinsa ba, murmushi kawai ka gani.

Ka same ta da rana tsaka, ka faɗa mata abin da ka shafa da dalilin shafawar, duka biyun. Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi. Kada ka bar ƙungiya, ta yi maka rana.

In ta ce ba ta so, ranar gasa ka gyara mata katakonta fiye da kullum, ka gyara na Halvard kamar nata. A nan kai ma za ka san ko son nata kake da gaske.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sa ta saurare ka har ƙarshe.

Gwaggo Ragnhild