Ƙullin Bakin Jakar Gahawa

Argungu, Jihar Sakkwato
5 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga yayata Sadatu, ɗiyar Baffa Maliki, a Gadarif ta ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ki da maigidanki Abdussamadu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri, ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa. Mu nan ruwa ya yi, gulbi ya cika, shinkafa ta yi kyau a fadama. Ƙanwata Kulu ta sauka lafiya, an samu ɗiya. Jikin Baba ne kawai babu daɗi, kuma saboda shi na zauna rubuta miki wannan takarda.

Jakar gahawar da kika aiko ta hannun Alhaji Tamba ta iso bayan Babbar Sallah. Na san da kyakkyawar niyya kika aiko, don kada Baba ya ga shekara ta juyo babu saƙon ƙanensa ya yi tambaya. Kin san tun da takardarki ta zo a watan Rajab da labarin rasuwar Baffa, yayana Dikko ya taso daga Birnin Kebbi ya tara mu, ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa wa Baba. Wai likita ya ce mai hawan jini ba a tayar masa da hankali, ga shi idanunsa sun tafi. Dikko ya gama kafa dokarsa, ya hau babur ya koma ofis. Ni aka bari da tsoho, ina kallon fuskarsa safe da yamma ina yi masa ƙarya.

Ba ki taɓa ganin yadda Baba yake da gahawa ba, sai dai labari. Tun da suka tafi Makka a ƙasa shi da Baffa, suka yi shekara tara a Sudan, shi ya dawo Baffa ya zauna, bai zo da wani abin kirki ba sai wannan tulun ƙasa mai dogon wuya da kuke ce wa jabana, da finjali shida, 'yan ƙananan kofunan shanta. Bayan rasuwar Inna ni ya koya wa, kuma na sha faɗa kafin in iya. Sai na tsince tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. A soya a kasko bisa garwashi, ban da harshen wuta, ana motsawa har ƙwayar ta yi duhu ta fara naso. In kai masa kaskon ya shaƙi hayaƙin, shi zai ce ya yi ko da saura. A daka da zafinsa tare da 'yar citta, a zuba a jabana, ya taso sau uku ana saukewa kafin ya zube. Kowace la'asar haka muke yi, shekara goma sha ɗaya, kuma sai ya sha yake iya cin tuwo.

Ranar da jakar ta zo na miƙa masa ita, don kowace shekara shi yake kwancewa da hannunsa. Ya shafa bakinta, ya daɗe yana shafawa, sannan ya miƙo mini ya ce in kwance da kaina. Ban kawo komai a raina ba. Na soya, na daka, na dafa, na zuba masa. Ya riƙe finjalin har ya huce, ya aje. Washegari ma haka. Tuwo kuwa loma biyu ya ture kwano.

Yaya, kwana goma sha biyu na yi ina neman laifina. Na ce ko ruwa ne, don kin san gulbi da damina ja wur yake, har rijiyarmu ta gurɓace. Na tari ruwan sama a sabuwar randa, bai sha ba. Na ce ko na ƙona, na rage wuta. Na ce ko cittar ta tsufa, na taka har kasuwa na sayo sabuwa. Na sake gawayi, na wanke jabana da toka, har turmin na kankare. Na aika wa Dikko cewa Baba ya daina ci, sai ga gwangwanin kofin kanti ya aiko, wai in gwada wannan ya fi sauƙi. Kai! Da yana kusa da na jefe shi da abinsa. Tsoho yana ramewa a gabana, wuyan rigarsa yana yi masa yawa, ni kuma ina can gindin murhu ina kuka ina zagin hannuna.

Ranar Laraba ta makon jiya na kasa jurewa. Na durƙusa gabansa da finjali na roƙe shi don Allah ya faɗa mini abin da na ɓata. Ya ce ban ɓata komai ba, gahawa ta yi, tun daga ƙamshi ya san ta yi. Sai ya sa hannu a aljihu ya fiddo igiyar da aka ɗaure jakar da ita, ashe ya tsince ta ya ɓoye. Ya ce shekara talatin Maliki yana aiko masa da gahawa, bai taɓa ɗaure bakin jaka ba sai da ƙullin da mahaifinsu ya koya musu suna yara, wanda suke ɗaure homa, ragar kamun kifi, da shi in za su shiga gulbi su. Ya ce Maliki bai iya rubutu ba, wannan ƙullin shi ne takardarsa, in ya taɓa shi ya san ƙanensa yana nan da ƙarfin hannunsa. Wanga kuwa ƙullin mata ne. Ya ce kwana goma sha biyu yana jira ya ga ko cikin 'ya'yansa akwai mai tsoron Allah da zai buɗe baki. Sannan ya tambaye ni wane wata ne Maliki ya rasu.

Na faɗa masa Rajab. Ya lissafa da yatsu. Bai yi kuka ba, bai faɗi ba, jinin da Dikko yake tsoro bai yi masa komai ba. Cewa ya yi wata shida yana roƙa wa Maliki lafiya da buɗi bayan kowace salla, alhali gafara yake bukata, kuma ni da nake zuba masa gahawa ina jin sa ina cewa amin. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a ya sa aka tara maƙwabta da tsofaffin masunta abokansu, aka yi wa Baffa addu'a. Ya ce in soye jakar duka, kada in rage ƙwaya. Tun hantsi nake kan garwashi, finjali shida suna zagayawa har jakar ta ƙare. Shi ma ya karɓi ɗaya daga hannuna ya shanye, ya ce na iya. Daga nan ya sa na wanke jabana na kife ta, ya ce a gaya miki an gode, amma kada a ƙara aikowa. Yanzu kunu kaɗai yake kurɓa, shi ma sai da lallashi.

Abin da nake roƙonki, ki rubuto da gaggawa, kada ki jira mahajjata, ki sa a gidan waya. Ki faɗi ciwon da Baffa ya yi, da wanda ya yi masa wanka, da inda aka rufe shi, da ko ya ambaci Baba. In bai ambace shi ba, ki ce bai ambata ba. Kada ki gyara komai, don ni zan karanta masa, kuma ba zan ƙara yi masa ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Kowace la'asar, lokacin da a da nake hura wuta, sai ya juyo wajen ƙofa ya tambaya ko takarda ta zo, igiyar nan tana hannunsa. Ban san la'asar nawa ta rage masa ba.

Ki gaida Inna Kulsumi matar Baffa, ki yi mata ta'aziyyar da muka kasa yi da baki ɗaya. Ki gaida Abdussamadu da yara, Ma'u da Abu. Kulu da Adama suna gaishe ku. Baba ya ce in kin je kabarin ki yi masa sallama, ki ce labari bai iso da wuri ba.

Taki ƙanwa,
Riskuwa Labbo