Cizon Sauro a Tsibiri

Daren Juma'a, Disamba, Mu'aither

Yau Baba ya samu hutu daga jigilar 'yan kallon ƙwallo, ya kai mu wani tsibiri mai itatuwa cikin ruwa. Ko kular shinkafa ba mu buɗe ba sauro ya cije ni a goshi. Umma ta ƙona ɓawon lemo, ta ce, "Malam, na nan fa ba ya sa zazzaɓi." Baba ya naɗe tabarma, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku shiga mota."

Zazzaɓin sauro ne ya ɗauke ƙanena Sadiku a Kano lokacin korona, Baba yana nan ƙasar Larabawa, babu jirgin zuwa gida. Ni ban ji haushin dawowarmu daga tsibirin ba, ban ji komai ba, susa kawai nake yi.

Ɗazu Baba ya shigo ya dafa goshina, ya daɗe. Na yi kamar ina barci.