Kada Ki Bi Ta Hagun Bas, Nighat

Zuwa ga Nighat, hasken idona, inuwata a tsakiyar zafin Yuni, ruwan farko da ke sauka kan rufin Lahore bayan ƙasa ta gaji da jira! Ke da ƙamshinki ya fi na furen motiya da ake sarƙawa a bakin ƙofar Lohari, ke da muryarki ta fi mini mangwaron Multan zaƙi. Sallama daga mijinki, wanda ke kwance taku bakwai daga inda kike murza gurasa, amma sai da takarda zai iya isowa gare ki.

Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun hagu ne, kwana biyu ina jan shi yana turjewa. Wata goma sha ɗaya ke nan da ciwon nan ya shanye mini ɓarin dama, ya ɗaure mini harshe. Ranar Lahadi kina fitar da keke na tattara duk ƙarfina na ce miki "tsaya", sai kika ji "shayi". Kika dawo kika zuba mini, kika gyara mini matashi, kika tafi abinki.

Na ga raunin da ke gwiwar hannunki, Maman Mehwish. Kin ja hannun riga kin rufe, amma da kika sunkuya za ki ɗaga ni, rigar ta zame. Na kuma ji ki ta katanga kina ba maƙwabciyarmu Baji Shamim labari, wai adaidaita ya matse ki da amalanken barkono a kasuwar Akbari. "Ai ba komai, Baji, ƙasa ce ta yi marmarina," kika ce, kuka kwashe da dariya. Ni kuwa ina nan kamar itacen da ruwan kogin Ravi ya tumɓuke ya yar a gaɓa. Wa zan kira? Da wace ƙafa zan tashi? Da wane baki zan zagi mai adaidaitan?

Kin tuna satinmu na uku da aure? Na ari keken ƙanena na goya ki, muka shiga tsohon gari ta ƙofar Delhi, kina riƙe da bayan rigata da yatsa biyu kawai saboda kunya. Tantabaru suka tashi daga hasumiyar masallacin Wazir Khan, kika ɗaga kai kina kallo, mayafinki ya shige cikin wayoyin taya ya shaƙe ki, muka zube gaban mai sayar da turare. Kina tari kina dariya! A ranar na rantse zan zaga da ke garin nan ƙofa-ƙofa. Shekara talatin da huɗu ina bayan sitiyarin bas, na kai ɗalibai, na kai 'yan biki, na kai baƙin da ban san yarensu ba, ke kaɗai ce ban kai ko'ina ba. Kullum "wata Juma'ar". Ga inda Juma'o'in suka ƙare.

Shi ya sa ban iya ko girgiza kai ba ranar da kika ce za ki shiga ayarin matan da ke zaga tsohon gari a keke duk safiyar Lahadi. "Ustad," kika ce, yadda kwandastocina ke kirana, "ka gama naka yawon. Yanzu ni zan je, in dawo in ba ka labari." Mace mai shekara hamsin da shida, da hular kwano a kan mayafi! Kuma kina dawowa fuskarki kamar wata daren sha huɗu, kina ƙanshin halwa da purin da kuka karya kumallo da su, kina kwatanta mini shuɗin bangon masallaci da tsohon gidan wankan sarakuna da lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa. Rabona da ganin ki haka tun kafin a haifi 'yarmu. Ta yaya zan ƙi abin da ya dawo mini da amaryata? Ta yaya kuma zan so shi?

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da aka haifi Mehwish, wata rana na dawo na ƙi cin abinci, na ce cikina ne. Ba cikina ba ne. A kwanar ƙofar Bhati na karya hagu. Na duba madubi, wallahi na duba, babu kowa. Sai na ji motar ta ɗan yi tsalle, kamar na taka bulo. Mai madara ne a kan keke. Madarar ta malale har bakin kwata, fara fat, mutane suna tattaka ta. Ya rayu, amma ƙafarsa ɗaya ba ta bar asibiti tare da shi ba. Shaidu suka ce shi ya kutso, aka sallame ni. Ban yi gudu ba, Nighat, ban yi ganganci ba. Ban gan shi ba ne kawai. Abin da ke cina ke nan: wanda zai taka ki ba sai mugu ba. Mutumin kirki ne mai 'ya'ya, ya yi sallar asuba, ya duba madubinsa, bai gan ki ba.

Don haka ki saurari tsohon direba, ya sanyin zuciyata. Kada ki taɓa shiga tsakanin bas da gefen titi ta hagunsa, ko da ya tsaya cik, ko da duk matan sun bi ta nan. Idan ba ki ga fuskar direba a madubinsa ba, to a wurinsa ba ki a duniya. Ki soke bakin mayafinki cikin riga. Kada ki yarda da ƙararrawarki, a cikin bas ba ma jin ta. Idan za ki kalli hasumiya, ki sauka ki kafa ƙafa biyu a ƙasa, ki kalle ta har ki ƙoshi. Shekara ɗari huɗu tana tsaye, za ta jira ki. Kuma birkin bayanki yana kuka. Ina jin sa tun daga bakin lungu, ni da na iya gyara shi cikin minti biyar, ga ni ko cokali sai an riƙe mini.

Gobe kuma kun ce za ku haye gadar Ravi zuwa Shahdara. Gadar nan! Na san ta kamar tafin hannuna: manyan motocin yashi, iskar da suke ja idan sun wuce, ramin da ke daidai gangara. Tun da na ji, zuciyata take kamar tantabarar da shaho ke shawagi a kanta.

To ga laifina na biyu. Makullin keken da kika wuni nema jiya, ni na ɗauke shi daga kan tiren shayi, na tura shi ƙarƙashin cinyar nan da ba ta motsi. Kin zazzage jaka, kin leƙa tukwane, kina cewa, "Ustad, ko aljanu sun tare a gidan nan ne?" Da rana kika juya ni kika canza zanen gado. Na san kin gan shi. Kika mayar da shi daidai inda yake, kika ja mini bargo. Da kin yi faɗa da na samu sauƙi.

Ga makullin nan na naɗe a cikin takardar nan. Ba don hankalina ya kwanta ba. Ba zai kwanta ba. Na riga na tsare ki shekara talatin da huɗu da ƙafafuna lafiya, ba zan ƙara miki da gurguwar ƙafa ba. Roƙona ɗaya: kafin ki fita, ki jawo gadona kusa da taga, ki buɗe ta duka. Ba zan iya bin ki ba, ba zan iya tare miki ko babur ɗaya ba. Ido kawai ya rage mini, shi zan shimfiɗa a kan lungu har ki shigo.

Naki tun ina da ƙafa, naki yanzu da babu, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Sarwar