Gadar Saiwa ta Mawsiar

Shillong

Zuwa ga ƙanwata Rikynti,

Bayan gaisuwa da fatan ke da Inna kuna lafiya. Auta, nemi wuri ki zauna kafin ki karanta: Ibalari ta yarda ta aure ni! Iyayenta ma sun yarda, sun ce bayan damina. Yau na shiga aji zan koyar da lissafi, yara suna ta kallona, ashe murmushi nake yi wa allo.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Kawunta ya tambaye ni, “Yaushe kawunka zai zo mu ci goro?” Kin san ba a kai namiji gidan mace ba tare da ɗan'uwan uwarsa ya yi magana a madadinsa ba, kuma daga gidan uwarsa za a tashi. Kawu Phrang kaɗai gare mu. Ki lallashe shi ya shiga mota, ya zagayo ta gadar ƙarfe. In bai zo ba, babu aure.

Ki gaida Inna.

Yayanki,
Banshan

*

Mawsiar

Yaya Banshan,

Gaisuwa mai yawa. Na yi ihun da ya kori kajinmu daga tsakar gida! Inna ta ce, “To, madalla,” ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne.

Amma mota? Birni ya cinye maka ƙwaƙwalwa. Ka manta rantsuwar Kawu? Muna ƙanana shi da Inna suka fara jan saiwoyin itacen roba a kan rafi, ita daga gaɓarmu, shi daga gaɓar gidan matarsa, don su haɗu su zama gada. Suka yi faɗa kan yadda za a kitsa tsakiya, Inna ta sare masa saiwa guda, ta ce aikinsa ba zai ɗauki ko akuya ba. Shi kuma ya rantse ba zai ƙara taka gidan nan ba sai ta kan wannan gadar. Tun ranar ko gaisuwa babu.

Na zagaya na same shi. Ya ce, “Ɗana ne, har cikin raina ina so. Amma bakina bai canza ba.”

Jiya na sauka rafi na duba. Yaya, abin dariya abin kuka! Rabin Kawu ya yi kauri kamar cinyar saniya, ya shimfiɗa duwatsu, har da abin dafawa. Daidai tsakiya ya tsaya cak. Rabinmu kuwa saiwoyi ne barkatai kamar kan da ya shekara ba kitso, tunda Inna ta hana kowa taɓawa. Mutane daga ko'ina a Indiya suna zuwa kallon gadojin kakanninmu masu rai, mu kuma muna da rabin gada.

Ni ce 'yar auta, a al'adarmu gidan nan da gaɓarsa ni zan gada. Gobe zan hau.

Taka,
Rikynti

*

Shillong

Auta,

Ina gaisuwa. Kada ki kashe kanki saboda aurena. Saiwa shekaru take ɗauka kafin ta yi ƙwari, ni kuwa watanni gare ni, ga damina ta kankama. Amma ba zan ɓoye miki ba, tun da na karanta takardarki na kasa zama wuri ɗaya. Ki rubuto da wuri.

Banshan

*

Mawsiar

Yayana,

Gaisuwa a gurguje, don labari na ci na!

Na kafa gora, na hau, na fara tufka saiwoyi yadda na ga dama. Kawu ya fito ya zauna a ƙarshen rabinsa yana tauna goro, yana ɗaga murya sama da ƙarar ruwa: “Ke, ja ta hagu! Ɗaure da ƙarfi!” Kwana da kwanaki muna haka, Inna tana bakin gaɓa wai tana wanki. Tufa ɗaya ta yi ta wankewa.

Ran nan Kawu ya ce in matse wata ɗanyar saiwa. Sai na ji Inna ta yi jifa da sabulu.

“Za ta shaƙe ta, sakarai! Jaririyar saiwa ake matsewa? Ashe har yau ba ka iya ba!”

Kawu ko gezau. Ya ce, “Yaya, wadda ta iya ai ga aikinta muna gani.”

“Ka jira ni!”

Yaya, Inna ta ɗaure zane ta hau gora! Ta sa aka rarake itatuwan goro, ta kwantar da ƙananan saiwoyi a ciki da ruɓaɓɓen ganye don su sha su miƙe. Ashe ƙarƙashin wannan hargitsin manyan saiwoyinta na dā sun daɗe da kama na Kawu, sun haɗe sun zama jiki ɗaya, ba wanda ya leƙa ya gani. Kullum tun safe suna can, kowa a nasa rabin, tana zaginsa yana ramawa, rabin gari na gaɓa suna kallo. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Shekaranjiya Kawu ya ce zai haye. Inna ta ce ba ta yi ba, akwai taku kaɗan da gora kawai ke riƙe da su, ga rafi ya cika yana ruri. Ya ce sai ana takawa gada take yin ƙarfi. Ta ce in ya faɗa, ita ba za ta yi kuka ba. Ya sa ranar kasuwa mai zuwa.

Ina murna, ina tsoro, duka a ciki ɗaya. Ka yi mana addu'a.

Rikynti

*

Mawsiar

Zuwa ga ɗana Banshan,

Bayan gaisuwa. Daga gidanku, gidan uwata, nake rubuto maka, na ci shinkafa da naman alade a gaban murhun da aka haife ni kusa da shi. Ka gaya wa mutanen Ibalari su tanadi goro, zan zo.

Gadar ta ɗauke ni. A wurin da bai yi ƙwari ba ƙafata ta zurma har gwiwa. Uwarka, wadda ta ce ba za ta yi kuka ba, ta riga ta iso tsakiya. Ta kama wuyan rigata, ta ce in taka inda ta taka. Haka muka iso.

Abu ɗaya ne ba ku kyauta mini ba, kai da ƙanwarka. Ba wanda ya gaya mini yayata ta tsufa haka. Daga tsallaken ruwa ba a ganin furfura.

Ka huta lafiya.

Kawunka,
Phrang