Ɗalibina Ya Natsu, Ni Kuma Hankalina Ya Tashi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, domin inda nake aiki masu digiri sun yi yawa, mai sauraron mutum ne babu.

Ni ƙaramin malami ne a jami'a. Ni aka ɗora wa kula da 'yan ajin ƙarshe, wato aikin da ake ba wanda bai isa ya ce a'a ba. Ofishina tsohon sito ne a ƙarƙashin bene, kujeru biyu, ɗayar ma sai an jingina ta da bango. Akwai wani yaro, wakilin ajin, muna ce masa Sarkin Tambaya, don ba a taɓa tashi daga lacca bai ɗaga hannu ba. Ya ishe mu, ba zan ɓoye miki ba. Kwas ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, na wani farfesa da ke karanta makin kowa da ƙarfi a aji. Daga ƙasa yake farawa, yana ɗan dakatawa bayan kowane suna don a samu damar yin dariya. Shi a wurinsa wannan tarbiyya ce. Bana ma yaron ya sake faɗuwa, abokansa za su fita su bar shi. Mahaifinsa tela ne, kuma duk wanda ya zo awo sai ya ji labarin ɗansa ya kusa gama jami'a. Yaron bai iya gaya masa ba.

Da farko ya rame, ya daina shiga aji, ya daina ɗaga waya. Sai kwanan nan ya dawo fes da murmushinsa. Ya mayar da littattafan laburare, ya ba abokin ɗakinsa kwamfutarsa kyauta, ya miƙa wakilcin aji ga mataimakiyarsa, ya bi ofis ofis yana godiya, har da na farfesan. Da ya zo nawa sai ya ce in yi haƙuri da shi, daga yanzu ba zai ƙara damun kowa ba, har mutanen gida ma za su huta. A natse ya faɗa, ko muryarsa ba ta rawa. Tsoro nake kada yaron nan ya kashe kansa.

Na garzaya wurin shugaban sashe. Ya ce in kawo a rubuce, a miƙa wa kwamitin walwalar ɗalibai, wanda zai zauna da zarar shugabansa ya dawo daga taron ƙara wa juna sani kan walwalar ɗalibai. Farfesa kuwa daɗi ya ji, ya ce ka gani ko, tsanani ya yi rana, yaro ya shiryu, su a zamaninsu da ƙafa suke zuwa makaranta kuma ba wanda ya ji suna maganar damuwa. Wata abokiyar aikina ta ce sabon salon roƙon maki ne, kada in biye masa. Muna da ofishin ba ɗalibai shawara, allonsa ya sha fenti. Na je na tarar da kwaɗo a ƙofar, na leƙa ta taga, karyayyun kujeru ne jibge har rufi. Su dai an sama musu wurin hutawa.

Ni taswira na karanta, ban san aikin likita ba. Ina tsoron in tambaye shi in sa masa abin da bai yi tunani ba. Matata ta ce in kira mahaifinsa, ni kuma ina ganin tona masa asiri ne. Ko ni ne nake zuzuta abu, Anti?

Malamin ƙarƙashin bene

Ƙanena,

Ka yi wa shugabanka dariya don ya ce ka kawo a rubuce, sai ka zauna ka rubuto mini, ni da nake fitowa a jarida sau ɗaya a mako. Sannu da ƙoƙari. Shi ya sa ina gama karantawa na tura maka amsar nan ta waya. Wadda aka buga ta abokan aikinka ce, idan sun samu sarari tsakanin taro da taro.

Ba zuzutawa kake ba. Mutum ya daɗe cikin ƙunci, ya wayi gari a natse yana rabar da kayansa, yana sallama, yana cewa za a huta da shi, wannan ba shiriya ba ce. Alama ce da ake tashi tsaye a kanta. Kuskuren sashenku shi ne kun saba auna ɗalibi da ladabi da mayar da littafi kan lokaci, sai kuka ga yaro yana bankwana kuka ba shi makin ɗa'a.

Zan yi adalci. Farfesa yana da ikon kayar da wanda bai ci ba, kuma ba kwas ɗaya ne kaɗai ke kai mutum nan ba. Amma ba a ba shi ikon mayar da aji dandalin wasan kwaikwayo ba. Wannan rigimar ka ajiye ta sai yaron ya tsaya da ƙafafunsa. Mai yiwuwa ne kuma babu abin da ya ƙudura. Ba za ka sani ba sai ka tambaya.

Ka neme shi yau, ku zauna inda ba mai ji. Ka gaya masa abin da ka gani, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunanin, sau da yawa ma ita ke sauke masa nauyi. Sannan ka yi abin da ya fi yi wa malami wuya, ka yi shiru ka saurara. Ban da wa'azi, ban da labarin yadda ka sha wuya a zamaninka. Kada ka yi masa alkawarin ɓoyewa. Idan ya amsa, ko amsarsa ba ta kwanta maka ba, kada a bar shi shi kaɗai. Ka raka shi asibiti da ƙafarka, abokin ɗakinsa ya zauna kusa da shi, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi.

Matarka ta yi gaskiya, sai dai da sanin yaron za a yi. Ka tambaye shi wa ya fi sakin jiki da shi a gida, ka ce za ka zauna a gefensa a faɗa tare. Ka nuna masa hanyar sake kwas ɗin dalla-dalla, domin shi yanzu bango kawai yake gani. Tela zai ji ciwo, zai kuma warke, ɗansa yake so.

Ba a ce ka zama likita ba, an ce ka kai shi wurin likita. Idan ka yi kuskure, kunyar yini ɗaya za ka sha a gaban ɗalibi. Idan kuwa ka yi daidai kuma ka zauna jira, sashenku zai yi shirun minti ɗaya kafin taro, a wuce zuwa batu na gaba.

Allah ya yaye masa, ya ba ka ƙarfin zuciya. Tashi ka je.

Antinku