Turmin Inna

Daren Laraba, Bukkuyum

Yau ma Kawu da Baffa sun kaure da gardama a zaure kan dokar hana daka dutsen zinari cikin gida. Kawu ya ce, "Wagga doka siyasa ta, 'yan jam'iyyarmu aka son karyawa." Baffa ya ce gwamnatinsu ce ta ceci yara daga gubar dalma. Suna yi suna shan fura. 

Da na mai da ƙwarya cikin gida, na gane turmin da Inna ta daka geron furar a ciki. Shi ne Kawu ya ara jiya ya daka dutsen zinari. Na tambaye ta, ta ce, "Ai na ɗauraye shi."

Ni ma ludayi huɗu na sha.