Na Karanta Takarda a Tsaye

Daren Laraba, watan Safar, shekarar da Turawa ke haɗa kaya.

Wata biyu ina tunanin yadda ƙungiyarmu ta dukawa za ta rayu, yau na ɓata komai da bakina. Turawa ke sayen jakunkunanmu na ado; in sun tafi, wa zai saya? Shawarata mu koma ɗinkin takalma da jakar 'yan lakwal, mu karɓi masu koyo ko ba 'ya'yan dukawa ba ne. Har yanzu ban ga aibinta ba.

Sai dai a taron la'asar na miƙe na karanto ta daga takarda kamar ma'aikacin biro, alhali ban fara zuwa zauren Baba Kyari, Sarkin Dukawa, ba.

Ba wanda ya musa. Baba ya dubi tabarma ya ce, "Madalla, Habu. Ashe tare da kowa zan ji labarin gidana." Ya fita, dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Matata Hajara ta ce in kai masa goro da safe, in bar takardar a gida, in zauna a ƙasa in nemi shawararsa kamar ban san komai ba. Wai ran Juma'a da bakinsa zai faɗa, kowa ya karɓa.

Gaskiya ta faɗa, kuma zan tafi. Abin da ke ci min rai, in abin ya yi kyau, ba wanda zai tuna shawarata ce.